Kar ki daina yi masa Hausa a gida

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki kan yaronki ɗan shekara 6 da ke aji ɗaya a makarantar kuɗi, har yanzu bai iya haɗa baƙi ba, yana cakuɗa Hausa da Turanci, malamarsu kuma ta ce ku daina yi masa Hausa a gida wai ita ke rikita shi. Ni ma malamar firamare ce, ƙananan aji nake riƙewa kuma na daɗe a ciki, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don Allah kar ki bi wannan shawarar. Yare biyu ba ya jawo wa yaro matsalar magana ko ta karatu, kuma cakuɗawar nan ba ciwo ba ce, mu manya ma haka muke yi kullum. Abin da na sha gani shi ne uwa ta daina Hausa ta koma Turancin da ita ma ba ta sake da shi ba, sai hira ta mutu a gidan, daga zauna sai tashi sai ci abinci, ba tatsuniya ba labari, yaro ya kasa hira da kakarsa kuma Turancin bai zauna ba. Yaron da dama harshe ke masa nauyi shi ya fi kowa buƙatar a yi ta masa magana mai yawa mai daɗi, kuma da Hausa ce za ki iya ba shi wannan.

Abin da ya kamata ki gano shi ne, matsalar a Turanci kaɗai take ko har a Hausa? Ki gwada shi cikin wasa ba tare da ya san gwaji ba ne. Ki aike shi da abu uku a jere, je ɗaki ka ɗauko min ɗankwali, ka kai kofin nan kicin, ka kira min yayarka. Ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yau, gobe ki ce shi ya ba ki, ki saurara ko yana jero abin da ya faru daki-daki ko yana tsallake yana ta "abin nan, abin nan" saboda kalma ta ɓace masa. In a Hausa yana zuba kamar sa'anninsa to bakinsa lafiya lau, Turancin ne bai ishe shi ba tukuna, kuma wannan lokaci yake so, yaro kan ɗauki shekaru kafin ya iya Turancin da ake karatu da shi. In kuma har a Hausar yana baya da sa'anninsa to akwai abin dubawa. Matsalar harshe ta gaskiya a duk yaren da yaro ke ji take fitowa, kuma ba abin mamaki ba ce, binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya nuna kusan yara 7 cikin 100 na da ita.

Amma kafin komai a duba kunnensa. Wallahi wannan nake fara faɗa wa kowace uwa. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, ƙyanda, sanƙarau, duk suna iya rage ji, kuma yaro zai iya jin kira amma ƙananan sautuka na wuce shi. Na taɓa samun wata yarinya a ajina ana ta ce mata daƙiƙiya, sai na lura kullum bakina take kallo, in na juya allo ina magana shikenan ta ɓace, ashe kunne ɗaya ne ba ya ji sosai. Ki je ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, in kuna wajen Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. A duba ido ma.

Maganar karatu kuma, ki fara masa da Hausa a gida, minti goma zuwa sha biyar kullum ya isa. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa, ba be bi bo bu, Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya ba ka sauti kala-kala, kuma yaron da ya gane yadda ake haɗa sauti a Hausa da wannan basirar zai shiga Turanci. A kan haka aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamaren Bauchi da Sakkwato. Tun 1970 ma Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su zo baya a Turancin ba. Ku riƙa wasan sauti kina girki, wace kalma ce ta fara kamar tuwo, ya ce tukunya, tumatir, tulu. Juya b da d a shekara 6 ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya kai 7 zuwa 8 ana koya masa da kyau kuma har yanzu sauti da harafi sun ƙi haɗuwa, bakinsa kuwa garau, to a nemi masani ya duba ko disleksiya ce, wato matsalar da ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro wuya ko da yana da basira. Ki tambayi malaminsu na Islamiyya ma, in hadda na shiga ta kunne amma baƙaƙen Larabci na ba shi wuya irin haka, ki faɗa wa mai dubawar.

Malamar kuma ki same ta cikin mutunci, ki roƙa a dawo da shi layin gaba, a riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a bar shi ya amsa da Hausa in Turancin ya maƙale, kuma a daina tsayar da shi ya yi karatu gaban aji ana masa dariya. Bulala kam ki hana gaba ɗaya, gida da makaranta, yaran da aka daka a kan karatu su ne suka fi ba ni wahala saboda tsoron littafin ma suke ji. Allah ya buɗa masa, in kun yi gwajin kunnen ki dawo ki gaya mana abin da aka ce.