Jakfilen ɗin kakana ya tsage, an ce in kai wuƙar wajen mai giranda

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata shida da samun 'yanci. Da muke gyaran ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, na ci karo da jakfilen ɗinsa na katako, wato abin da muke goge katako da shi ya yi sumul, a cikin adaka, shi kafinta ne a reluwe tun zamanin Turawa. Wuƙar ta yi tsatsa ta maƙale, wejin, wato ɗan katakon da ke danne wuƙar, ya ƙi fita, kuma gefe ɗaya ya ɗan tsage. A goshinsa akwai rubutu da alamar wata da tauraro. Wani ya ce in jiƙa shi a baƙin mai, wuƙar kuma in kai wa mai giranda, injin goge ƙarfe, ya share tsatsar ko a sa ta a wuta. Wallahi tsoro nake kar in lalata abin da ya rage mana na tsoho, don Allah ya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan kaka ya sa ya huta. Kafin komai, ajiye shi a inuwa cikin ɗaki, kar ka kai shi ko'ina tukuna.

Wata da tauraron nan da ka gani alamar Mathieson ce, kamfanin kayan kafinta na Glasgow a Sikotland. Ɗan shafa ruwa da yatsa a goshin ka haska tocila ta gefe, za ka iya karanta sunan. In ka ga wasu haruffa biyu ko uku an buga daban, galibi na masu shi ne na baya, don kafintocin da suna buga sunansu a kayan aikinsu. Wuƙar ma tana da nata tambarin a can sama, wani sa'in Mathieson ɗin ne, wani sa'in na kamfanonin garin Shefil da ke Ingila ne irin su Marples ko Sorby, kuma ba laifi ba ne in sun bambanta da na jikin katakon. Ba abin mamaki ba ne a same shi a gidanku, tun wajen 1911 jirgin ƙasa ya iso Zariya kuma da irin waɗannan kayan na Birtaniya aka yi aikin. Auna tsawonsa, in ya kai inci 14 zuwa 17 jakfilen ne, in ya kai inci 22 na miƙar da dogon katako ne, ƙaramin mai inci 8 mai ciki kamar kwalekwale shi ne na gogewar ƙarshe. Goshin nan kar sanfefa ta taɓa shi ko sau ɗaya.

Tsagewar kuwa hunturunmu ne ya jawo. Katakon itacen bic ne na ƙasar sanyi da laima, ya zo nan ya sha bushewar Zazzau shekara da shekaru ya tsuke, ƙarfe kuma ba ya tsukewa, sai ya matse wuƙar har kuncin ya buɗe. Don haka kar ka ja wejin da filaya, kar ka buge shi ta gefe. Riƙe filen ɗin a hannu, babban yatsanka a kan wejin, ka dinga bugun ƙeyarsa da gudumar katako a hankali, girgizar ce ke sakin sa. In ya ƙi, haƙura har damina ta zauna, katakon zai ɗan saki da kansa. Idan wuƙar ta fito ka rage gefenta kaɗan da magagari ko dutse yadda za ta shiga ta fita ba matsi, sannan ka ɗura gam na katako a tsagar ka ɗaure da kilam, abin matse katako, ya kwana.

To sai maganar giranda da wuta, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayani, don kusan kullum sai an kawo min wuƙar da aka kashe ta wannan hanya. Wuƙaƙen zamanin da ba ƙarfe ɗaya ba ne ɗana, biyu ne aka haɗa a maƙera. Jikin baƙin ƙarfe ne mai taushi, sai aka manna siririn ƙarfe mai tauri a fuskar da take shimfiɗe, daga baki zuwa ɗan sama kaɗan, in ka wasa ta da kyau za ka ga layin haɗin da idonka. Wannan siririn shi ne kaifin gaba ɗaya. Yaron da ke riƙe da giranda a bakin titi bai san da wannan ba, shi ƙofa da taga ya saba gogewa, zai kwantar da faifan a kan fuskar ya yi ta ci har ta yi ƙyalli ya miƙo maka yana murmushi, alhali ya cinye rabin ƙarfen da ke yanka ya bar maka kwari da tudu wanda ba dutsen da zai daidaita. Sannan ga zafi. Ƙarfen nan an ba shi taurinsa ne da ma'auni, da zarar baki ya yi zafi ya koma shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, taurin ya tafi, kuma a siririn baki daƙiƙa biyu ta isa. Za ka ga tana aske gashin hannu ka ce ai ta yi, ka ɗora a kan madaci ja uku baki ya lanƙwashe. Daga nan sai a ce wai kayan zamanin da ne ba su da kyau. Masu cewa a sa a wuta tsatsa ta zube kuwa, wallahi abin yana ƙona min rai, tsatsa za ta zube amma taurin wuƙar duka ya bi ta. Har wasu za su ce maka ai sai a tsoma a ruwa ta dawo, to ba haka kawai maƙeran da suka yi ta suka yi ba, tsomawa cikin gaggawa tana iya tsaga ta ko ta raba haɗin biyun. Na taɓa ba wani almajirina wata wuƙa irin wannan ya wasa, don sauri ya zaga da ita wajen mai walda, har yau tana cikin akwatina ba ta yanka ko farin katako, kuma ba kasuwar da zan shiga in sayo irinta sabuwa.

Abin da za ka yi mai sauƙi ne, sai dai yana cin lokaci. Kwance murfin wuƙar, jiƙa su a kananzir su kwana, ka goge da buroshin waya da sanfefa mai laushi. Shimfiɗa sanfefa a kan gilashi mai kauri ka goga fuskar wajen baki har ta yi sumul, inci ɗaya ya wadatar. Sannan dutsen washi da hannunka, gangaren baki digiri 25, ka ƙarasa a 30. Baƙin tabon da ya rage a can sama ka bar shi, ba ya hana yanka.

Baƙin mai ma a'a. Ba ya bushewa, zai dinga ɓata duk katakon da ka goga, gam ba zai ƙara kama tsagar ba, wejin kuma ya dinga sulɓewa. Goge jikin da tsumma da ɗan kananzir, in an gama gyaran tsagar ka shafa man linsid kaɗan ka share ragowar, banda inda wejin ke kamawa, banda banish. Tsumman man nan ka shanya shi a buɗe, in an dunƙule shi yana iya kamawa da wuta.

Ƙasan filen ɗin ne ƙarshe. Mayar da wuƙar ka ja ta ciki kar ta leƙo, buga wejin daidai yadda za ka yi aiki, ka zana fensir a ƙasan ka goga a gilashin nan har zanen ya ɓace, ka tsaya nan, don duk abin da ka ci bakin filen ɗin ƙara faɗi yake. In ka ga ƙananan huda da gari sabo yana zubowa ƙwaro na ciki, ɗura kananzir da sirinji ka ware shi daga sauran katakonka sati biyu ka ga ko garin ya tsaya. In wejin ya fito a karye ka turo min hotonsa kafin ka sassaƙa wani.