Ganyen dashenku ya sauya launi? Ku duba saiwa kafin ku nufi shago

Tambayoyin wannan makon yawanci daga masu rainon yankan reshe ne a cikin ɗaki, ƙarƙashin fitila, kuma kusan kowa abin da zai saya yake nema.

Wani matashi daga Garwa ya ce: "Na yanki rassan gwaiba na kafa a kofunan roba. Yau kwana goma, ganyen ƙasa sun koma ruwan ɗorawa suna zuba. Mai shago ya ce in sayi takin NPK 20-10-10 ko yuriya. Wanne ya fi?"

Ɗana, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Reshen gwaiba yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya yi saiwa, kuma reshen da ba shi da saiwa ba shi da bakin shan taki. Zuba masa yuriya yanzu kamar miƙa wa jinjiri kilishi ne. Gishirin takin zai taru a gindin yankan, ya janye ruwan jikinsa, ya ƙone wurin da saiwar za ta ɓullo. Rawayar da ka gani kuwa, reshen ne ke kwasar naitirojin, ɗaya daga sinadaran abincin shuka, daga tsofaffin ganye yana ciyar da kansa. Muddin ganyen sama kore ne kuma kara bai yi laushi ba, babu abin tashin hankali.

Abin da nake so ka yi shi ne ka zaro guda ɗaya a hankali ka duba gindinsa. In ka ga farin kumburi ko fararen zaruruwa, aiki na tafiya. In ya yi baƙi, yana yauƙi yana wari, ruwa ya yi yawa, kuma na fi zargin ƙasar da ka zuba. Laka tana riƙe ruwa ta hana iska shiga. Yashin Binuwai da aka wanke, a gauraya da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa, ya fi duk wani buhun da za a tallata maka. Ka huda gindin kofunan, ka riƙa tsoma wuƙarka a ruwan javel (bilic) don kashe ƙwayoyin cuta, kashi 1 cikin ruwa kashi 9. Ranar da saiwa ta leƙo ta hudar kofi, ka fara taki da rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwali.

Wata Hajiya daga Marwa ta ce na'a-na'a da 'yan lemun tsaminta sun yi saiwa sarai, amma sabbin ganyen sama sun yi fari-fari, jijiyoyinsu kaɗai suka rage kore. Tana tunanin sayen fitila mai ƙarfi.

Hajiya, da kika faɗi cewa na sama ne, kin riga kin yi rabin binciken. Naitirojin, fotashiyam da maganiziyam suna iya tafiya daga tsohon ganye zuwa sabo, shi ya sa ƙarancinsu yake fara bayyana a ƙasa. Sinadarin ƙarfe ba ya wannan tafiyar, saboda haka sabon ganye ne ke fara kokawa. Sau da yawa ma ƙarfen yana nan cikin tukunya, ruwan ban-ruwa ne ya ɗaure shi. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa ko mai barin farin dabbare a buta yana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, sama da 7, alhali yawancin dashe sun fi son 5.5 zuwa 6.5. Abin saye a nan takardar gwajin pH ce, wadda ake tsomawa a ruwa ta sauya launi, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na fitila ba. In pH ya hau, ki tari ruwan sama da damina, ko ki ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan kina gwadawa. In dole sai an sayi maganin, ki nemi garin ƙarfe mai alamar EDDHA, mai launin ja-baƙi, don shi ne ke aiki ko da ruwa na da kanwa. Ganyen da zai fito nan gaba za ki sa wa ido, tsohon ba lallai ya dawo ba.

Daga Njamena wani malami ya ce gefen ganyensa yana naɗewa sama yana bushewa, yana tambaya ko ya sayi fitila mai hasken shunayya da ake kira ta shuka.

Malam, matsalarka zafi ce da bushewar iska. Yankan reshe yana son zafi tsakanin digiri 22 da 27 da laima kusan kashi 80 cikin 100. Da bazara garinku yana wuce digiri 40, da hunturu kuma iska takan bushe ƙwarai. Ka kifa farar leda ko rabin gorar ruwa a kan kowane kofi, ka buɗe na ɗan lokaci kullum, ka yanke rabin manyan ganye da almakashi don rage asarar ruwa. Ka sa bayan hannunka daidai kan ganyen: in ka ji ɗumi, fitilar ta matso da yawa, ka ɗaga ta zuwa santimita 30 ko 40. Farin ƙwan LED mai lamba 6500K, awa 14 zuwa 16 a rana, ya ishi dashe. Ni ban son mai shunayyar ga mai koyo, domin a ƙarƙashinta ba ka ganin ainihin launin ganye, sai cuta ta yi nisa. In kana da 'yan kuɗi, ma'aunin zafi da ƙaramar fanka mai caji sun fi maka amfani, ga kuma yawan ɗauke wuta.

Sai dai ka juya ganyen ka duba bayansa. In akwai ɗigo-ɗigo farare da siririyar saƙa, ka karkaɗa shi kan farar takarda. Ƙananan ɗigon da za ka ga suna motsi jajayen ƙwari ne dangin gizo-gizo, masu son zafi da bushewa. Man darbejiya mililita 5 a lita 1 ta ruwa, da ɗan sabulu, a fesa bayan an kashe fitila, a maimaita bayan mako guda.

Ta ƙarshe ta fi ba ni tausayi. Wani manomi daga Ngaundare ya sayi karan rogo a kasuwa, duk ganyen da ya fito dabbare-dabbare ne, kore da rawaya, a murɗe. Yana neman sunan magani. Baba, wannan alamar cutar mozayik ce ta rogo, ƙwayar bairos ce da farin ƙuda ke yaɗawa, kuma babu feshin da ke warkar da ita. Dashen reshe yana gadon duk abin da ke jikin uwarsa. Ka tumɓuke su ka ƙone, kada ka ba maƙwabci. Kuɗin maganin ka ajiye, ka je cibiyar binciken noma ta IRAD a Wakwa da ke kusa da ku ko wurin malamin gona na yankinku, ka tambayi inda ake samun iri mai jure cutar. Nan gaba kuma kada ka sayi kara sai ka ga gonar da aka saro shi tun ganye na jikinsa.