Shin a sassaƙe kulas (murfin saman injin mota) ne, ko a sayo wani, domin a ƙara wa injin matsi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Carina mai injin 3S-FE, ina yawan bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da ita, kuma ina so ta ƙara ja. Wani makanike ya ce in kawo kulas a sassaƙe masa milimita ɗaya, wani kuma ya ce in sayo wani kulas ɗin a Ƙofar Ruwa ta Kano. Tsorona kada in kashe injin da ba shi da laifin komai. Daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tsoron nan naka yana kan hanya, kuma lissafi zai nuna maka dalili. Faɗin silindar 3S milimita 86 ne, tafiyar fistan ma 86, wato kowace silinda tana ɗaukar kusan mililita 500. Matsinsa na asali yana wajen 9,5 (wato fistan na matse iska da mai daga kashi 9,5 zuwa kashi ɗaya), abin da ke nufin cewa sararin da ke saura a saman fistan idan ya kai ƙololuwa bai wuce mililita 59 ba. Wanda ya rage mililita 6 kacal daga wannan sarari ya kai matsin 10,5, kuma milimita ɗayan da ake ce maka ba komai ba ce tana iya cinye kusan wannan adadin. Ribar da za ka samu a ƙarfi kuwa ba ta wuce kashi 3 ko 4 cikin ɗari ba.

Wannan magana ta sassaƙa ita ce ta fi ba ni takaici, domin kusan kowane mako sai na ci karo da ita a garaji. An ɗauka cewa duk abin da aka cire daga fuskar kulas ƙarfi ne aka zuba wa mota, har ana nuna wa mai ita allurar awon matsi ta haura, shi kuma ya biya yana murna. Asalin aikin injin sassaƙa shi ne miƙar da kulas ɗin da zafi ya lanƙwasa, kuma lanƙwasar da Toyota ta yarda da ita a wannan injin milimita 0,05 ce, abin da ido ba ya gani. Idan aka zarce aka ci milimita guda, supap (bawul ɗin da ke shigar da iska da fitar da hayaƙi) sun matso kusa da kan fistan, sandar da ke buɗe su ta sauko kusa da ƙasan injin, kuruwa (bel ɗin da ke juya sandar) ta sauya zama, lokacin buɗewa ya ja baya. Mafi muni shi ne man da muke sha. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40, da man kwalbar ƴan ruwa-ruwa wanda ba wanda ya san abin da aka gauraya a ciki, injin mai matsi 10,5 zai fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani da zarar an taka shi da kaya. Wannan ƙara mai ne ke fashewa da kansa kafin wutar buji ta gama cin sa, kuma kowace fashewa duka ce a kan fistan. Na taɓa buɗe wani injin da aka yi wa haka bai cika wata biyu ba, na tarar da gefen fistan ya ɓalle a saman segman (zoben fistan), juwan (shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin injin) kuma ya ƙone tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Maganin da mai gyaran farko ya ba shi, wai a cire tamostat a ɗora juwan biyu, ya ƙara dagula lamarin ne kawai.

Game da sayen wani kulas, shawarar ta fi ta farko hankali, amma da sharaɗi. Ya zama na dangin injin ɗaya, ramukan ruwa da na mai su dace da juwan ɗinka ɗaya bayan ɗaya, kuma ka duba tsakanin mazaunin supap da ramin buji ko akwai tsaga. Kada ka yarda da maganar ɗan kasuwa a kan girman ramin ƙonewa, domin kulas na hannu sau da yawa an riga an sassaƙe shi. Ka kife shi da supap da buji a ɗaure, ka shafa giris a gefe, ka ɗora gilashi mai ƙaramar huda, sannan ka ɗura kananzir da sirinji kana ƙirga mililita har ramin ya cika, ka maimaita a ramuka huɗun duka. Kafin ɗaurin ƙarshe kuma, ka manna ɗan yumɓu mai laushi a kan fistan, ka juya injin da hannu zagaye biyu, ka auna kaurin da supap suka bari.

A ganina, motar da za ta riƙa shan mai a Tasawa da duk inda ya ƙare mata kada matsinta ya wuce 10. Idan awon kulas ɗin Kano ya nuna ramin ƙonewarsa ya fi na kulas ɗinka ƙanƙanta har matsin zai haura haka, ka bar musu abinsu, ka sa kuɗin a gyaran supap ɗin naka da wanke radiyeta.