Tafiya Barbados don kallon kurket da nutso a teku: a ina kujerar bizines ke biyan kuɗinta?

Wani Alhaji daga Kaduna ya rubuto mana: "Ni da ɗana muna shirin hutun kwana goma a Barbados. Za mu kalli wasan kurket a filin Kensington Oval, mu kuma yi nutso a teku, don dukkanmu muna da takardar shaidar nutso ta matakin farko. Kuɗin kujerar bizines ya ninka na ikonomi sau da yawa. Mu saya zuwa da dawowa, ko mu haƙura?"

Alhaji, kafin ka dubi farashi, ɗauki takarda ka rubuta zango huɗu: Najeriya zuwa Landan, Landan zuwa Bridgetown babban birnin Barbados, sai dawowarsu. Daga Legas ko Abuja zuwa filin jirgin Heathrow na Landan kusan awa shida da rabi ne. Daga Heathrow zuwa filin jirgin Grantley Adams na Barbados kusan awa tara. A gefen kowane zango rubuta lokacin tashi. Babban abin da kake biya a bizines shi ne kujerar da ke miƙewa ta zama gado, kuma gado da dare yake aiki. Jirgin da ke zuwa Barbados daga Landan da rana yake tafiya, mutum yana farke, yana kallon allo, ya sauka da yamma ya kwanta a otal. Na dawowa kuwa da yamma yake tashi ya kwana a sama, ya sauka Landan da safe, ga kuma wani zangon yana jiranka. Idan aljihu ba zai ɗauki duka ba, wannan zangon daren ne ya fi cancantar kuɗin, sai duk wanda ya faɗo cikin dare tsakanin Najeriya da Landan. Zangon rana ka ɗauki ajin tsakiya, wanda British Airways ke kira World Traveller Plus, Virgin Atlantic kuma Premium. Ana iya haɗa aji biyu a tikiti ɗaya, kodayake shafin kamfani ba kullum yake nuna hakan a fili ba, shi ya sa ejan na kirki ke da rana a nan.

Sai ka tambayi irin jirgin. Sunan aji ɗaya ne, kujeru kuwa sun sha bamban. British Airways na da sabuwar kujera mai ƙofa, Club Suite, wadda ta fito a 2019, jerinta ɗaya-biyu-ɗaya, kowa na fita hanya ba tare da ya taɓa wani ba. Tana kuma da tsohuwar, wadda a wasu jiragen jerinta biyu-huɗu-biyu ne, rabin kujerun suna fuskantar baya, na jikin taga kuma sai ya tsallake ƙafar wani kafin ya je bayan gida. Buɗe taswirar kujerun kafin ka biya, lissafin jeri zai gaya maka wacce ce. Kamfani na iya canza jirgi ba diyya muddin ajin bai canza ba. Amma idan aka sauke ka daga bizines zuwa ƙasa, dokar Birtaniya ta ce a mayar maka da kashi 75 cikin 100 na kuɗin wannan zangon a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500. Ajiye katin shiga jirgi, shi ne shaidarka.

Ga abin da ya fi kujera muhimmanci, wanda ba ka tambaya ba. Mai fasfon Najeriya yana shiga Barbados ba biza, amma ba ya ratsa Heathrow haka kawai. Ko ba zai fita daga filin jirgin ba, sai ya riƙe bizar wucewa mai suna Direct Airside Transit Visa, in ba ya riƙe da bizar ziyarar Birtaniya ko wata da ke ɗauke masa wannan sharaɗi, kamar ta Amurka ko Kanada mai rai. Idan kuma tikitin ya sa ka sauka Heathrow ka tashi daga Gatwick, wani filin jirgin Landan na daban, wannan bizar ba za ta isa ba, don sai ka bi ta wurin jami'an shige da fice. Katin rigakafin shawara ma ya kasance cikin fasfo. Yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun 2016 ba ya tsufa.

Wata Hajiya daga Abuja ta ce: "Maigidana yana son mu fara da kurket, mu ƙarasa da nutso har ranar da za mu taho, tunda a bizines za mu kwanta mu huta. Ni hankalina bai kwanta ba."

Hajiya, ke ce da gaskiya, kuma a wannan kada ki sassauta. A ƙarƙashin ruwa jiki yana tara iskar naitirojin saboda matsi. Bayan an fito, iskar tana fita a hankali ta numfashi. Idan mutum ya hau jirgi kafin ta gama fita, matsin cikin jirgin ya yi ƙasa da na doron ƙasa, kamar an ɗora shi kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, sai ragowar iskar ta zama kumfa a jini da gaɓoɓi. Yakan fara da ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu, ko gajiyar da ta wuce misali, ko ƙaiƙayi da rashin jin taɓi a fata, yana kuma iya kai wa ga shanyewar jiki. Iskar da ke gaban jirgi da ta bayansa matsinsu ɗaya ne, gadon bizines ba ya rage komai. Kuma a tsakiyar Tekun Atlantika babu inda za a sauka da wuri.

Ƙa'idar ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso ta DAN, wadda masu nutso ke bi a duniya, ita ce kafin hawa jirgi a jira awa 12 aƙalla bayan nutso guda ɗaya mara buƙatar tsayawar dole a cikin ruwa yayin haurowa, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya a yini ko na kwanaki a jere, fiye da haka sosai idan an yi nutson da ke buƙatar tsayawar dole kafin fitowa. Mu dai shawararmu awa 24 cur. Saboda haka ku juya tsarin: nutso a farko, kurket a ƙarshe. Kwanakin da za ku yi zaune a filin wasa su ne kwanakin da jikinku ke fitar da iskar, babu yinin da ya tafi a banza.

Ranar farko bayan sauka kada ku shiga ruwa. Najeriya tana gaban Barbados da awa biyar, iskar jirgi kuma busasshiya ce, ga gajiya. Ku sha ruwa, ku yi barci. Rana ta biyu ku fara da Carlisle Bay, gab da Bridgetown, inda jiragen ruwa shida ke kwance a ruwa mara zurfi sosai, cikinsu har da Berwyn wanda ya nutse a 1919 da Bajan Queen wanda aka nutsar a 2002. Mai takardar matakin farko, wanda iyakarsa mita 18, zai more a nan. Stavronikita, jirgin dakon kaya na Girka da aka nutsar a 1978, gindinsa ya kusa mita 40, a bar shi ga mai takardar gaba. Ku karanta takardar inshorarku da kyau, don yawancin inshorar tafiya tana da iyakar zurfi, wata ma ba ta biyan kuɗin ɗakin matsin iska inda ake jinyar ciwon kumfar iskar nan. Idan wasan kurket ɗin na kwana biyar ne, ku fi ƙarfafa sayen tikitin kwana uku na farko, wasa yakan ƙare kafin na biyar.

Wani ɗan'uwa daga Kano yana tambaya ko kilo na bizines zai ishe shi kayan nutso da sandar kurket da yake son 'yan wasa su sa wa hannu.

Zai isa har ya rage. British Airways da Virgin Atlantic suna ba mai bizines jaka biyu, kowace kilo 32, kuma wannan adadi iyaka ne ga jaka ɗaya: jakar kilo 36 sai an rage mata ko da ɗayar ba komai cikinta. Silindar iska da darma mai nauyi ka bar su, kowane shagon nutso yana bayarwa. Rigar roba mai kaurin milimita 3 ta wadatar, ruwan can da ɗumi. Ita da takalmin iyo da rigar daidaita nutso da wuƙa su tafi cikin babbar jaka, haka ma sandar kurket, ba a shiga da ita cikin jirgi a hannu a Birtaniya. Na'urar shaƙar iska da agogon nutso da gilashin ido, musamman in na magani ne, ka riƙe su a hannu, don su ne ke da wuyar mayewa idan jaka ta makale a Landan. Batiran litiyom na ajiya a jakar hannu kawai ake sa su, a rufe bakinsu da salatif. Wanda ƙarfinsa bai wuce 100Wh ba (Wh ma'aunin ƙarfin batir ne) babu buƙatar izini, daga 100 zuwa 160 sai kamfani ya yarda. Cire batirin tocilar nutso, don idan ta kunna kanta a cikin jaka zafinta na iya tada wuta. Abincin halal kuma ka nema tun kwana biyu kafin tafiya, lambarsa MOML, ka tabbatar an sa shi a kowane zango.

Mai tambaya na ƙarshe ya samu tikiti biyu daban-daban, ɗaya zuwa Landan ɗaya zuwa Barbados, sun fi tikiti guda araha, tafiyar kuma a watan Yuli ce.

Kada ka saya. Da tikiti biyu sai ka karɓi jakarka a Landan ka sake miƙa ta, wato sai ka shiga ƙasar, wato wata bizar daban. In jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, kujerarka ta tafi. Ga kuma damina: daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne a yankin Karibiyan. Bayan wasan ƙarshe na gasar kurket ta duniya ta T20 da Indiya ta ci Afirka ta Kudu a Kensington Oval ranar 29 ga Yuni 2024, guguwar Beryl ta sa an rufe filin jirgin, 'yan wasan Indiya kansu suka yi kwanaki suna jira. A irin wannan wata ka sayi tikiti guda, ka karanta sharuɗɗan canza rana kafin ka biya, don bizines mai rahusa sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa, canjinsa kuma da tara.