Kafin ka taɓa kuɗin adashen yayarka, nawa mutum-mutumi ɗaya ke ci maka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne a Gusau, kuma kusan shekara guda ke nan ina haɗa ƙananan mutum-mutumi masu ƙafa huɗu da ke tafiya da kansu. Na sayar da guda shida, kowanne naira 45,000, ga makarantun kuɗi da wasu iyayen yara. Ɗan baffana da ke Kano ne yake saya mini kayan haɗi ya ba direba ya kawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ban ga kuɗin a hannuna ba, har ma ina ɗiba daga na gyaran waya. Yayata ta yarda ta ranta mini naira 700,000 idan ta kwashi adashe, in sayi injin buga kayan roba in buɗe masana'anta, domin na ga a intanet matasa suna arziki da wannan sana'a. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka ina neman lamba ɗaya tak, ban kuwa same ta ba. Ka faɗi farashin da kake sayarwa, ka faɗi yawan waɗanda ka sayar, ka faɗi kuɗin da kake son ranta, amma ba ka faɗi abin da mutum-mutumi ɗaya ke ci maka ba, kuma na tabbata ba ɓoyewa ka yi ba, ba ka sani ba ne. Matsalarka ke nan, kuma ita kaɗai ce. Na lura kana so in ce ɗan baffanka ne ke yi maka ƙwange, to ba zan faɗa ba, domin mutumin da bai rubuta abin da ya tura da abin da ya karɓa ba, ba shi da hujjar zargin kowa, ba shi kuma da hujjar wanke kowa.

Bari in yi maka lissafin da ya kamata a ce ka yi tun ranar da ka sayar da na farko. Mutum-mutumi mai ƙafa huɗu, in dai ƙananan injinan sarbo ne ke motsa shi, wato injinan da ke juya gaɓa zuwa inda aka umarce su, yana bukatar aƙalla biyu a kowace ƙafa, ɗaya ya ɗaga ta, ɗaya ya tura ta gaba, wato takwas ke nan. A ce kowane sarbo yana iso maka a kan naira 3,500, ka ga 28,000 ta tafi. A ce allon Arduino, wato ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ba injinan umarni, 8,000, batura da mazauninsu da wayoyi 4,000, katako da gam da noti 2,500. Jimla 42,500, saura 2,500 a matsayin abin da kake kira riba, alhali ba mu sa kuɗin direba ba, ba mu sa dalma ba, ba mu sa kwanakin da ka bar teburin gyaran waya kana fama da ƙafar da ta ƙi daidaituwa ba. Sarbo ɗaya kawai ya lalace a hannunka, ka shiga asara. Ka cire lambobina ka sa naka na gaskiya, ka ga inda za su kai ka.

Lalacewar kuwa dole ce, domin irin sarbon da masu wannan sana'a suka fi saye, wato SG90, nauyinsa giram 9 ne, haƙoran giyarsa na roba ne, ƙarfinsa kuma bai wuce kilo 1.8 ba a tazarar santimita ɗaya daga tsakiyarsa. Idan ka yi wa mutum-mutuminka ƙafa mai tsawon santimita 10 don ta yi kyan gani, abin da ƙafar za ta iya ɗauka a bakinta ya koma giram 180 kacal, alhali ka ɗora masa batura da allo da katako. Sai yaro ya zo ya danna shi da hannu ko ya murɗa ƙafar da ƙarfi, haƙora su zube. Ka haɗa da ƙurar hunturu da ke shiga giya, da zafin bazarar Gusau da ke sassauta gam ɗin kyandir. Nawa daga cikin shidan nan aka dawo maka da su gyara, kuma wa ya biya kuɗin sabon sarbon? Na san amsar: kai ne, domin kunyar malamin makaranta ba za ta bar ka ka ce ya biya ba. Can kuɗin gyaran wayarka ke zurarewa.

Na taɓa zama da wani matashi a Birnin Kebbi wanda hannunsa ya fi na kowa iya irin wannan aiki. Wata makaranta ta ba shi kwangilar motocin wasa masu kauce wa bango, ya yanke farashi a tsaye, da ka, bisa abin da ya tuna ya saya watanni da suka wuce. Wannan ya zo daidai da lokacin da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, kayan kuma kusan duk daga Sin ake shigo da su. Da ya je sayayya sai ya tarar kuɗin kafin alƙalamin da ya karɓa ba za su kai shi rabi ba. Bai iya komawa ya nemi ƙari ba, saboda ba shi da ko takarda ɗaya da za ta nuna tsohon farashi da sabo. Babur ɗinsa ya sayar ya cika alkawari, yau kuma ya bar sana'ar gaba ɗaya, duk da cewa motocin da ya haɗa ba su da aibu ko kaɗan.

Abin da littafin lissafi zai nuna maka, wanda bidiyon intanet ba zai nuna maka ba, shi ne kowace gaɓa mai motsi kuɗi ce sau biyu, ranar saye da ranar gyara. Da kana rubutawa, da tuni ka tambayi kanka ko tilas ne sai da inji takwas ƙafa za ta taka. Ba tilas ba ne. Dubi keken ɗinki na ƙafa, yadda sanda ɗaya ke haɗa matakin da babban wili, motsin sama da ƙasa ya zama juyi. Idan ka juya wannan dabara, inji ɗaya mai juyawa ya isa ya motsa ƙafafu da yawa ta hanyar sanduna masu awo daidai. Wani ɗan ƙasar Holan, Theo Jansen, tun 1990 yake ƙera manyan halittu da bututun roba waɗanda iska kaɗai ke tafiyar da su a bakin teku, kuma awon sandunan ƙafar tasu sananne ne, ɗalibai a ko'ina suna kwaikwaya da katako ko kwali mai kauri. Ƙaramin injin nan mai ruwan ɗorawa da ake sa wa motocin wasa, wanda giyarsa ke rage gudu sau 48 ta mayar da shi ƙarfi, ya isa ya ja irin wannan ƙafa, ba tare da allon Arduino ba ma idan tafiya gaba kawai ake so. In kuma makaranta tana son abin da yara za su koyi ba shi umarni, to taya biyu da inji biyu da ƙaramar taya ta uku mai juyawa sun wadatar: ɗaya ya tsaya ɗaya ya juya, motar ta yi kwana. Mai makarantar da ke sayen kayanka ba ya ƙirga injina. Abin da ya dame shi shi ne abin ya kai ƙarshen zango bai mutu ba.

Maganar injin buga roba kuwa, ka ajiye ta. Yanki ɗaya yana iya ɗaukar sa'o'i ana bugawa, wuta ta ɗauke a tsakiya ka zubar da shi, robar da yake ci kuma ita ma sayenta za ka yi daga nesa. Waɗanda ka gani a intanet ba su nuna maka littafinsu ba, kuma da yawansu kallon da kake yi musu ne ke kawo musu kuɗi. Yayarka ta daɗe tana zubi kafin kwasarta ta zo, ba daidai ba ne ka zuba kuɗinta a sana'ar da kai kanka ba ka san ko tana da riba ba.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane mutum-mutumi ya sami shafinsa: abin da ya shiga cikinsa har noti, ranar da aka saya da farashinsa, sa'o'in da ka ɓata, wanda ya saya, da duk ranar da ya dawo gyara da abin da ya karye. Ka sa wa sa'arka kuɗi daidai da abin da kake samu a teburin gyaran waya. Shi kuma ɗan baffanka, ka roƙe shi cikin mutunci ya riƙa ɗaukar hoton rasit ya turo maka, ka kuma yanka masa ladan wahalarsa a fili, domin zirga-zirga a kasuwar Sabon Gari ba kyauta ba ce, kuma aiken da ba a yanka masa lada ba shi ne ke jawo zargi tsakanin dangi. Sannan ka haɗa guda uku masu inji ɗaya ko biyu da kuɗin aljihunka, ka kai su makarantun da suka riga suka san ka, ka bar su zango guda a hannun yara. Bayan nan ka aiko mini da hoton shafukan, mu duba tare ko akwai dalilin sake yi wa yayarka maganar rance.