Tambaya da Amsa: Farantin sola a kan kwalekwale

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin kwalekwale mai ƙyallen iska a kogin Isa, nan Yamai. Salula 2 nake son cajawa, da fitila 2 don dare. Wane farantin sola zan saya? Daga wani mai karatu a Gamkalle.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da lissafi kafin ka je kasuwa. Fitila 2 masu wat 5, in sun yi awa 4 a kunne, sun ci wat-awa 40, wato wat 10 sau awa 4. Salula 2 kuma kamar 30. Faranti mai wat 50 ya ishe ka har da rara, don ranarmu tana ba da ƙarfi awa 5 ko fiye.

Abin da ya fi damuna inuwa ce. Ƙwayoyin faranti a jere suke, kamar mutane masu miƙa wa juna guga. In ƙyallen ko igiya ta rufe guda, sauran ma sai ƙarfinsu ya ragu. Na gani da idona a kwalekwalen ƙanena, muna neman laifin batir, ashe inuwar sandar ƙyallen ce. Ka ɗaura farantin can baya, ka bar sarari a ƙasansa iska ta ratsa, domin zafi yana rage masa ƙarfi.

Kada ka haɗa shi da batir kai tsaye, don Allah. Sa na'urar daidaita caji tsakaninsu, da fiyus kusa da batir mai volt 12, a akwatin da ruwa ba ya shiga. Lokacin hunturu kuwa, goge ƙura kowace safiya da jiƙaƙƙen tsumma.