Me ya sa yaron shago ke bin ubangidansa har rumfar zaɓe?

Malam ka tambayi dalilin da yaran shago a Kantin Kwari ke zaɓen wanda ubangidansu ya nuna alhali ko albashi babu. To ai sallama suke jira. Yaro zai yi shekaru yana hidima da fatan a ba shi jari ya buɗe nasa, kuɗin asibiti da na aure duk aljihun alhaji ne, ta yaya zai saɓa masa ranar zaɓe? Max Weber, wani Bajamushe masanin zamantakewa, ya yi bayanin irin wannan biyayyar da ake yi wa mutum maimakon doka. Inda ake kuskure shi ne barin maganar sallama a fatar baki, gara a rubuta gaban shaidu, in rigima ta taso a nemi shugabannin kasuwa ko lauya.